Notin bututun mai ya ƙi shiga sabon famfo, yana ɗiga

"Assalamu alaikum Malam. Inada tsohuwar Chevrolet Impala ƙirar 1967, mai injin 283, na daɗe ina tada ta kaɗan-kaɗan. Famfon man fetur ɗinta ya mutu na sayo sabo, ya zauna daidai a jikin inji, amma notin bututun ƙarfen da ke hawa zuwa kafireta ya ƙi shiga. Zagaye biyu yake yi sai ya cije. Na naɗa masa farin tef na ɗaure da sifana, amma har yanzu yana ɗiga in inji na aiki. Na auna bututun, kusan milimita 8 ne. Wani yace in yanke bakin kawai in sa tiyo da kilif. Me kake gani?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai dai, dan Allah ka ajiye sifanar nan kuma kar ka ƙara tada motar sai an gyara wurin, fetur ne fa yake ɗiga a gefen inji mai zafi, kuma duk ƙarin zagayen da kayi da ƙarfi kana ƙara cinye tiredin sabon famfon ne, wato haƙoran da noti ke bi in ana murɗa shi.

In na fahimce ka, famfon ya hau inji lafiya, matsalar tana ramin da mai ke fita, notinka na asali yana kamawa kaɗan sai ya tsaya, ka tilasta masa ya ƙi rufewa. To wannan abin da ka faɗa, zagaye biyu sannan cijewa, shi ne ya kusa bani amsar gaba ɗaya. Noti da rami in jinsinsu ɗaya ne, da yatsu biyu zaka murɗa har kusan ƙarshe, sifana ba ta shigowa sai a zagayen ƙarshe. Duk wanda ya cije tun daga farko to ba gidansa bane.

Ba tiredi ne ke tare mai ba

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har da wasu da suka daɗe a gareji. Gani ake duk abin da aka murɗa ya ɗauru tamau to ya rufe. A bututun motarka ba haka abin yake ba. Ka zare notin baya ka dubi bakin bututun da kyau, zaka ga an buɗe shi kamar bakin mazurari kuma an ninke leɓen zuwa ciki, wannan shi ake cewa fileya, kwanarsa digiri 45. A cikin ramin tsohon famfonka, in ka haska tocila, zaka ga wani ɗan tsini a ƙasan ramin mai ƙaramar ƙofa a tsakiya, yawanci da zoben sheƙi a jikinsa inda bututun ya shekara da shekaru yana zama. Leɓen bututu a kan wannan tsinin, ƙarfe a kan ƙarfe, nan ne kaɗai mai ke tsayawa. Aikin noti kawai ya danna su su haɗu. Tiredinsa miƙaƙƙe ne, faɗinsa ɗaya daga sama har ƙasa, ko da ka cika shi da tef mai zai bi ta tsakanin noti da bututu ya fito, don can ba abin da ya tare shi.

Akwai kuma wani jinsin daban wanda shi tiredin ne ke rufewa, ana ce masa NPT, tiredin bututu na Amurka. Shi a tsuke yake, yana ƙara kauri kana shiga ciki, kashi 1 cikin 16 na tsawonsa, don haka kana ɗaurewa haƙoran suna matse juna har su toshe hanya. Raminsa babu wani tsini a ƙasa, in ka haska zaka ga tiredi ne kawai ya tafi har cikin famfon.

Yanzu ka haɗa lissafin. Bututunka da ka auna kusan milimita 8, a ma'aunin Amurka 5/16 na inci ne, wato milimita 7.94, kuma notin da ke tafiya da shi 1/2-20 ne, kaurinsa rabin inci, haƙora 20 a inci ɗaya. Famfunan da ake ƙerawa don su hau injuna iri-iri kuwa, musamman waɗanda ake tallata su da cewa suna ba da mai da yawa, galibi da ramin NPT suke zuwa, 1/4 ko 3/8, don kowa ya sa abin da ya dace da motarsa. Ramin 1/4 NPT haƙora 18 gare shi a inci, kuma kar sunan ya yaudare ka, kaurin namijinsa wajen milimita 13.7 ne, ba kwatan inci ba. Notinka milimita 12.7 ne. Kaga kenan bakin ramin zai karɓe shi hannu bibbiyu, amma tazarar haƙoran notinka milimita 1.27 ce, ta ramin 1.41, kowane zagaye suna saɓawa da 0.14, kafin ka kai zagaye uku sun kusa saɓawa da kashi ɗaya cikin uku na haƙori, ga ramin kuma yana ƙara tsukewa. Sai ya cije. Daidai abin da ka bada labari.

Da ramin 5/8-18 ne, wanda ake yi wa bututun 3/8, notinka ba zai ma kama ba, faɗawa ciki zai yi yana lilo. Shi yasa na fi karkata ga 1/4 NPT. Amma daga nesa nake magana, ban riƙe famfon a hannuna ba, don haka kar ka sayi komai kan zato na sai ka duba da kanka.

Dubawar ba wuya

Ka cire kan batir na negatif tukuna. Ka toshe ko ka matse tiyon da ke zuwa daga tanki, don in tanki a cike yake mai zai iya malalowa da kansa. Tocila mai LED zaka yi amfani da ita, ba ƙwan fitila mai zafi ba, kuma a wuri mai iska, tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya a ƙarƙashin mota inda kake kwance.

In da hali ma ka sauke famfon ka kai kan tebur ka ajiye shi kusa da tsohon, noti biyu ne kawai ke riƙe shi. Abu ɗaya da zaka kula a wannan injin na Chevrolet, akwai ɗan sandar ƙarfe da ke tura hannun famfon daga kam, wato sandar da ke juyawa a cikin inji, kana cire famfo take zamewa ƙasa, in zaka mayar sai ka ɗaga ta ka shafa mata giris mai kauri ya riƙe ta a sama, hannun famfon ya shiga ƙarƙashinta.

Abu uku kake nema: akwai tsini a ƙasan ramin ko babu, kaurin tiredin da kalifa, wato abin auna kauri, sai yawan haƙora. Gejin tiredi ƙaramin abu ne mai ganye-ganye, duk mai tsohuwar mota ya kamata ya mallake shi, na inci da na milimita. In babu, ɗauki wani noti ko ƙusa da ka tabbatar da girmansa ka jera haƙoransu ka ɗaga wajen haske, in jinsi ɗaya ne haske ba zai ratsa tsakaninsu ba. In kana son sanin ko namiji a tsuke yake, auna shi a haƙori na farko da na ƙarshe, in lamba ta canza to tsukakke ne.

Sai kuma ka duba ɓarnar da aka riga aka yi. Jikin waɗannan famfunan zubin alminiyam ne ko zinki, taushi gare su, notinka kuma ƙarfe ne, kullum famfo ne ke shan kashi. Wanke wurin ya bushe sarai, ka duba leɓen ramin ta waje. Tsagewar wannan ƙarfen siririya ce ƙwarai, wani lokacin ido ba ya kama ta. Abin da nake yi shi ne in ɗiga ɗan fetur a cikin ramin, in goge waje, in barbaɗa garin alli a kewayen. In akwai tsaga zaka ga wani siririn layi mai duhu yana fitowa a cikin farin allin daga bakin ramin yana gangarowa. In ka ga wannan layin, famfon ya tashi aiki, ba gam ba walda. In haƙora biyun farko ne kawai suka tauye, ana iya bin su da tap, wato ƙarfen yanka tiredi a cikin rami, na 1/4 NPT, a shafa masa giris don ya kama ɓarɓashi, a juya ramin yana kallon ƙasa, kuma a tsaya da zarar haƙoran sun miƙe, don in ka zurfafa ramin zai faɗaɗa, adafta ta shige har gindi ba ta matse ba.

Masu wasu motocin ma su ji

Tunda ba kai kaɗai zaka karanta ba, bari in faɗi inda irin wannan tarkon yake a sauran tsofaffin motoci, don akwai tiredin da suke kama da juna har sai ka rantse ɗaya ne. Motocin Ingila na da, irin su MG da Land Rover na farko-farko, zaka tarar da BSP, tiredin bututu na Ingila, a wasu wuraren, wanda kwanar haƙorinsa digiri 55 ce ba 60 ba, kuma 1/8 BSP haƙora 28 ne, 1/8 NPT kuma 27, sannan ga M10x1.0, tiredin milimita na motocin Jamus da Faransa da Japan shi ma yana nan kusa da su. Waɗannan ukun kowanne zai fara shiga ramin ɗan'uwansa, babu wanda zai rufe yadda ya kamata. Haka 1/4 BSP mai haƙora 19 da 1/4 NPT mai 18. Haka M12x1.25 da 1/2-20, haka M14x1.5 da 9/16-18. Wanda ya fi ban tsoro ma shi ne 3/8-24 a cikin ramin M10x1.0, don shi ba ya cijewa sam, sumul yake shiga har ƙarshe, sai dai da ɗan lilo, ka ɗauka ya zauna sai ranar da ya tsige.

Wani kuma tiredi ɗaya ne amma wurin zaman ya bambanta. Kayan AN da masu motocin tsere ke so, waɗanda asalinsu daga jiragen sojan Amurka ne, kwanarsu digiri 37. A girman 5/16 tiredinsu 1/2-20 ne, daidai da na fileyar digiri 45, a girman 1/4 ma sukan haɗu a 7/16-20. Zai ɗauru lafiya lau, amma leɓen da mazauninsa a siririn layi kawai suke taɓa juna, yau ya riƙe gobe ya fara gumi. Motocin Turai kuma da yawa banjo suke amfani da shi, ƙusa mai rami a ciki da washa biyu na jan ƙarfe ko na fiba, nan washa ce ke rufewa, kuma in an kwance sabuwa ake sawa. Wasu na Ingila zoben tagulla ne ake zura wa bututu noti ya matse shi. Kowanne dai tambayar ɗaya ce, a ina man yake tsayawa, a leɓe, a tiredi, a washa ko a zobe.

To me zaka yi

In zan zaɓa maka, kuma injin nan yana nan yadda kamfani ya yi shi da kafiretarsa ta asali, ka nemo famfo irin na asali mai ramin 1/2-20 da tsininsa a ciki. Waɗannan injunan ƙanana na V8 na Chevrolet tun 1955 ake yin su, an yi miliyoyi, famfonsu ba abu ne mai wuyar samu ba. Dalilina ba tiredi kaɗai bane. Famfon da raminsa ya bambanta, sau da yawa ƙarfin turawarsa ma ya bambanta. Kafiretar Amurka ta wancan zamanin tana jin daɗi ne a wajen psi 4 zuwa 6 ko 7 (psi ma'aunin ƙarfin turawa ne), in ya haura haka sai ya rinjayi allurar fulot, wadda ke rufe ƙofar mai in kafireta ta cika, mai ya cika ya tumbatsa, kaga baƙin hayaƙi da wahalar tashi in inji ya yi zafi, ka koma kana zargin kafireta alhali ba laifinta. Masu kafiretar Weber da Solex da SU nasu ma ya fi ƙasa, wajen psi 3 suke so. Ka duba takardar famfon kaga nawa aka rubuta.

In kuma ƙarfin nasa daidai ne, ramin ma bai lalace ba, to adafta guda ɗaya ta tagulla ta gama maganar: gefe ɗaya namijin 1/4 NPT, ɗaya gefen macen 1/2-20 mai tsinin fileya a ciki. Guda ɗaya nace fa. Ina ganin motocin da aka jera adafta uku a kan juna, wannan ta shiga wannan, har abin ya yi tsawon yatsa yana reto a jikin famfo, kowace mahaɗa ƙofar yoyo ce, ga nauyinsu da girgizar inji duk a kan ɗan leɓen alminiyam ɗin nan suke sauka. Gefen NPT ɗin shi ne kaɗai zaka shafa wa abin toshewa, na ruwa wanda aka rubuta yana jure fetur, ka bar haƙora biyun farko babu komai. Murɗa da hannu har ya tsaya, sannan zagaye ɗaya zuwa biyu da sifana, kar ka wuce, tsukakken tiredi yana buɗa ramin ne kana ɗaurewa, shi ke tsaga famfo. Kuma in ka wuce inda kake so kar ka dawo baya, warwarewa na buɗe hanya.

Farin tef ɗin nan na masu aikin famfon ruwa kuwa ka tsince shi tas daga notin da ramin. A fileya bashi da aikin yi ko kaɗan, kuma tiredi na yanka shi siri-siri, zaren ya bi mai ya hau sama ya maƙale a bakin allurar fulot. Bayan famfo yake, filtar da ke kafin famfo ba za ta kama shi ba.

Ka lura adaftar zata turo wurin haɗin waje da kusan rabin inci ko fi, bututunka kuma an lanƙwasa shi ne daidai tsohon famfo. Kar ka jawo shi da ƙarfi ka ce noti zai daidaita shi. Sassauta ɗaya bakin na wajen kafireta, ka gyara lanƙwasar a hankali har leɓen ya zauna a kan tsinin da kansa, ka fara murɗa notin biyu da yatsu, sannan ka ɗaure. Sifana biyu, ɗaya ta riƙe adafta ɗaya ta juya noti, kuma ta notin a samu irin mai zagaye da ɗan tsagi a baki, wadda ke kama gefe biyar, sifana mai buɗaɗɗen baki murje kan notin take yi. Ka duba leɓen bututun shi ma, tunda an ɗaure shi a inda babu mazauni, in ya tsage ko ya karkace sai sabo.

Yin sabon bututu ba abin tsoro bane in kana da na'urar fileya. Ka samu na ƙarfe ko na gamin jan ƙarfe da nikel, wanda ya fi sauƙin lanƙwasawa kuma ba ya tsatsa. Jan ƙarfe zalla kam ban yarda da shi ba a jikin inji, girgiza na sa shi ya taurare ya tsage a gindin noti. Yanka da abin yankan bututu ba zarto ba, kankare bakin ciki da waje, zura noti kafin ka buɗe bakin, kuma ninki biyu zaka yi, mai ninki ɗaya tsagewa yake. Gwada a guntaye tukuna har hannunka ya faɗa.

Maganar tiyo da kilif

Shawarar da aka baka zata tsayar da ɗigar yau, amma ni bazan yanke bututun asali na motar 1967 don wannan ba. Kamfani da gangan ya sa ƙarfe daga famfo zuwa kafireta, nan ne gefen da mai ke da ƙarfi, ga bel na juyawa a gaba ga zafi ta ko'ina. Inda tiyo yake da gurbi shi ne tsakanin bututun shasi da mashigar famfo, don inji na rawa a kan kujerunsa shasi kuma a tsaye yake, in ka haɗa su da ƙarfe zalla sai ya karye.

In dole ta sa sai tiyo, to a yi shi da ƙa'ida. Bakin bututun da aka yanke sumul yake, tiyo na iya zamewa, sai an yi masa ɗan kumburi a baki, matakin farko na na'urar fileya ma yana yin sa. Tiyon ya zama girmansa daidai, 5/16 kan 5/16. Masu Volkswagen Beetle sun san zafin wannan, bututunsu na tiyon milimita 5.5 ne, a sa masa na kwatan inci mai 6.35 ya zauna sako-sako a saman distiributa, gobarar da ta cinye da yawansu daga irin nan take tashi. Karanta rubutun jikin tiyon kuma, SAE J30R7 shi ne na kafireta, J30R9 ya fi shi ƙarfi kuma ya fi jure fetur mai gamin itanol, wanda ke cin tsohuwar roba ta ciki tana kumbura tana marmashewa alhali waje lafiya lau. Tiyon da ba rubutu a jikinsa kar ya kusanci fetur. Kilif ma a samu mai santsin ciki da ke matsewa zagaye ɗaya, mai ramuka-ramukan nan yanka roba yake.

Tunda ka zo wurin, duba gefen shiga shi ma. Shi in ya sassauta ba lallai ka ga ɗiga ba, iska yake zuƙa, sai mota ta riƙa shaƙewa a hawa ko a gudu kamar mai ya ƙare. Sannan zaro gejin baƙin mai ka shinshina, tsohon famfo in robar cikinsa ce ta fashe, fetur na gangarawa cikin inji ya tsinka baƙin mai, in ka ji warin fetur ko kaga ya haura layi ka juye shi kafin ka tada.

Wajen gwaji, fitar da motar fili, abin kashe gobara a kusa da hannunka ba a cikin but ba. Goge mahaɗar ta bushe, wani ya tada kai kana kallo, don wannan famfon sai inji na juyawa yake turawa. Naɗa farar takarda a ƙarƙashin notin, ko ɗan gumi ne zata nuna. In fileya ta ɗan yi gumi, kashe inji, sassauta kaɗan ka sake ɗaurewa, sau da yawa hakan na zaunar da ita, in ta ƙi to leɓen ne ba kyau, ƙarin ƙarfi ba zai gyara shi ba. Bari inji ya yi zafi sosai ka kashe, ka dawo bayan minti 10 zuwa 15 ka sake dubawa, don a lokacin ne zafin inji ke dafa man da ya maƙale tsakanin famfo da kafireta ƙarfinsa ya ƙaru, mahaɗar da ta riƙe a sanyi a nan take tona kanta. In ka auna ramin ka ga ba 1/4 NPT bane, turo min kaurin da yawan haƙoran, da ko akwai tsini a ciki, sai mu ga wace adafta ce tasa.